Lantarki Kyauta ga Mai Aci-balbal: Kasafin Kuɗin Korona da Talakan Sassumbrum

Ranar 27 ga watan Maris na 2020, kwana takwas bayan da aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Yamai, shugaban ƙasa na wancan lokaci, Mahamadu Isufu, ya yi wa al'umma jawabi. Ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan kiwon lafiya, ya hana fitar dare a babban birni, ya killace birnin daga sauran ƙasa, ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa, kana ya shaida cewa yaƙi da annobar da gyaran ɓarnar da za ta yi za su ci kuɗi biliyan 597 na sefa. Daga cikin matakan sassauci da ya lissafa, wanda ya fi shiga kunnen jama'a shi ne cewa gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi biyan kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu.

Magana ce mai daɗin ji. Sai dai ya kamata mai karatu ya tambayi kansa: wane ne wannan mai ƙaramin ƙarfin? Shi ne wanda yake da mitar NIGELEC a bangon gidansa, ko famfon SEEN a tsakar gida. A waccan shekara, ƴan Nijar da ke samun lantarki ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba, kuma mafi yawansu a birane suke. Manomin ƙauyukan Sassumbrum, wanda iyalinsa ke jan guga a rijiya ko su sayi ruwa jarka-jarka, wanda haskensa na dare bai wuce tocila ba, sai ya ji an yafe masa bashin da ba a taɓa bin sa ba.

Hujjar da nake son kafawa a wannan maƙala ita ce: kasafin kuɗin gaggawa na 2020 an tsara shi ne domin ƙasar da ke rubuce a takardun ofis, mai mita da asusun banki da lambar haraji, alhali kuwa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƴan ƙasa a karkara suke zaune, kuma su ne suka ɗauki mafi nauyin matakan da aka zartar. Ƙarancin kuɗi gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana abin da ya faru ba. Wanda ya riƙe alƙalami ya rubuta sunayen waɗanda yake gani ta tagar ofishinsa, ya bar sauran ga Allah.

Ƙofar da aka rufe sau biyu

Bari mu fara da yawan jama'a, tun da masu kasafi sun ce da alƙaluma suke aiki. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 577,743 a gundumar Magarya da 353,867 a gundumar Dungas. In aka haɗa, sun haura dubu 930, wato sun kusa kamo birnin Yamai, wanda a ƙidayar ya ɗan zarce miliyan ɗaya. Ƙaramar hukumar Sassumbrum kaɗai tana da fiye da mutum dubu 70 tun a lokacin. Wannan yanki yana daga cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, kuma gidaje da yawa ba sa noma abin da zai kai su wata sabuwar kaka.

Me ke cike giɓin? Iyaka ce. Gero da dawa na ci ne. Wake da riɗi da gyaɗa da rake da dabbobi su ne kuɗi, kuma kasuwarsu tana kudu: Maigatari ranar Alhamis, da Mai'aduwa, da Daura, har zuwa Dawanau a Kano. Da an gama girbi samari su tafi cin rani, su yi dako ko ga-ruwa ko gadi ko yankan farce, su aiko da abin da za a sayi tiyar hatsi, su dawo da kuɗin iri kafin ruwan shuka. Naira tana yawo a kasuwannin yankin kamar sefa, wani wurin ma ta fi ta. Wannan shi ne tattalin arzikin Magarya da Dungas na haƙiƙa, kuma kaɗan daga cikinsa ne ke shiga littafin ma'aikatar kuɗi.

Tun watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa. Dattawan yankin ba su yi mamaki ba, domin shi ne ya rufe su a 1984 sa'ad da fari ya cinye amfanin gona, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ke nan korona ta tarar da ƙofar a rufe ta waje wata bakwai. Ranar 19 ga Maris 2020 Nijar ta sa nata kwaɗon ta ciki. Ranar 16 ga Afrilu aka kulle Kano, daga bisani aka hana zirga-zirga tsakanin jihohin Najeriya har farkon Yuli. Farashin man fetur ya faɗi a duniya, aka karya darajar naira daga 306 zuwa 360 a kan dala ɗaya, sa'an nan aka ƙara karya ta kafin shekara ta ƙare. Ɗan cin rani ya rasa aiki, ɗan abin da ya tara ya zube daraja, hanyar gida kuma ta zama ta ɓarauniya. Gwamnonin arewacin Najeriya suka shiga kwashe almajirai suna maida su garuruwansu, har da ƴan Nijar, bakunan ci suka ƙaru a gidajen da rumbunsu ya riga ya yi ƙasa. Duk wannan ya faɗo ne tsakanin Maris da Yuni, daidai lokacin da manomi ke neman iri da abin da zai ci ya yi huɗa, kuma azumi ya kama a ƙarshen Afrilu.

Ba na cewa kuskure ne a rufe iyaka a watan Maris na 2020. Babu wanda ya san iyakar cutar a lokacin, kuma asibitocinmu ba za su iya ɗaukar abin da aka gani a Italiya ba. Abin da nake cewa shi ne duk hukumar da ta toshe wa mutum hanyar abincinsa domin maslahar kowa, to ta ci bashinsa, kuma wurin biyan bashin shi ne kasafin kuɗi. A duba tsarin buɗewa ma: masallatai ranar 13 ga Mayu, birnin Yamai bayan kwana biyu, makarantu ranar 1 ga Yuni, filayen jiragen sama ranar 1 ga Agusta 2020. Najeriya ta buɗe Maigatari a watan Disamban 2020, amma iyakokin ƙasa na Nijar sai a watan Yunin 2021. Mai hawa jirgi ya jira wata huɗu da ƴan kwanaki, mai kora akuya zuwa kasuwa ya jira wata goma sha biyar.

Ina kuɗin suka dosa?

Ba a daɗe ba aka sake lissafi, biliyan 597 suka zama fiye da biliyan 1,400, wato sama da kashi 18 cikin ɗari na dukan abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Domin mai karatu ya gane girman adadin, kasafin kuɗin ƙasa baki ɗaya na 2020, yadda majalisar dokoki ta amince da shi tun farko, biliyan 2,266 ne. Da aka yi masa kwaskwarima a tsakiyar shekara sai ya koma biliyan 2,422. Ƙarin bai wuce biliyan 156 ba. Tsakanin 1,400 da aka shelanta da 156 da aka rubuta a doka akwai rata mai faɗi, kuma ratar tana nuna mana ko don wa aka rubuta shirin. Takardar neman taimako ce da aka miƙa wa masu ba da lamuni, aka karanta wa talaka ita a rediyo kamar kuɗin suna cikin baitulmali.

An kuwa samu wani abu. Ranar 14 ga Afrilu 2020 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen gaggawa na dala miliyan 114 da ɗoriya. Ƙasashe masu arziki na rukunin G20 suka ɗage biyan wasu basussuka, ɗagewa kawai ba yafewa ba. Shugabannin ƙasashen UEMOA, ranar 27 ga Afrilu, suka jingine ƙa'idar da ta hana giɓin kasafi ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Wato an sassauta igiyar, an samu sararin kashe kuɗi fiye da yadda aka saba. To, wa aka fara tunawa?

An sassauta haraji ga otal-otal da kamfanonin sufuri, an dakatar da binciken haraji na ɗan lokaci. A watan Mayu ma'aikatar kuɗi ta ƙulla yarjejeniya da bankuna a kan lamunin biliyan 150 da gwamnati za ta tsaya wa: biliyan 100 na manyan kamfanoni, biliyan 50 na ƙanana da matsakaita. Kowa ya san wanda banki ke ba rance: mai rajista, mai takardun haraji, mai littafin ciniki da akanta ya sa wa hannu. Matar da ke tuyar ƙuli-ƙuli tana matsar man gyaɗa, da dillalin awaki, da ɗan kabu-kabu, da mai amalanken shanu, da maƙeri, da mai sayar da rake a bakin tasha, ba ɗayansu da zai iya tsallake ƙofar banki da wannan buƙata. Ga su kuwa su ne masu sana'ar da ta tsaya cik.

Adalci ne a faɗi cewa an yi rabon abinci kyauta, an kuma sayar da hatsin OPVN da rahusa, buhu a kan jika 13. Sai dai wannan aiki ne da ake yi kowace shekara a lokacin ƙarancin abinci, ko da korona ko babu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa layinsa ya san buhu ɗaya gida nawa ke raba shi tiya-tiya. An kuma yi rabon kuɗi ta hanyar shirin Wadata Talaka mai samun tallafin Bankin Duniya: jika 45 sau ɗaya ga kowane gida da aka zaɓa. Gidajen ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 20, kuɗin bai wuce na buhu biyu na gero ba a tsakiyar damina, kuma mafi yawansa ya iso ne bayan daminar 2020 ta wuce. Wanda ya riga ya sayar da tunkiyarsa da araha a watan Mayu, ko ya jinginar da gonarsa, ko ya ci bashin da zai biya da wake a farashin kaka, wannan taimako ihu ne bayan hari.

Uzurori uku

Masu kare abin da aka yi suna da uzurori, kuma ya dace a saurare su kafin a ba su amsa.

Na farko, su ce Nijar matalauciya ce. Amurka ta ware dala tiriliyan 2 da ɗoriya a watan Maris na 2020, ta aika wa mutanenta dala 1,200 kowanne, mu kuwa ko buga kuɗinmu ba ma yi, sai abin da babban bankin BCEAO ya tsara daga Dakar. Haka ne. Amma mai ƙaramin zane shi ya fi kowa sanin inda zai rufe. In kuɗi kaɗan ne, sai a fara da wanda zai kwana da yunwa. Sa'an nan talaucin baitulmali yana da dalilan da ba korona ta kawo su ba. A watan Fabrairun 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fallasa cewa tsakanin 2014 da 2019 ƙasa ta yi asarar kimanin biliyan 76 ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Daga baya hukumomin shari'a sun ambaci adadin da ya gaza haka, amma ko sulusin biliyan 76 ya isa a ba gidaje fiye da rabin miliyan jika 45 kowanne. Da ƙungiyoyin farar hula suka fito ranar 15 ga Maris suna neman a hukunta masu laifi, sai aka tarwatsa su da hujjar hana taro saboda korona. Gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum uku suka rasu, aka kama jagorori, wasunsu suka yi wata shida a tsare. Kuɗin annobar kansu ba su tsira ba. Kotun da ke binciken kuɗaɗen hukuma, a rahotonta da ya fito a watan Afrilun 2022, ta nuna an yi sayayya da gine-gine na yaƙi da korona a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, har da katifa ɗaya a kan fiye da jika 400, abin da ya jawo asarar sama da biliyan 5. Wannan kaɗai rabon gidaje fiye da dubu 100 ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu, su ce ba a san inda talakan karkara yake ba, ba shi da adireshi, ba shi da asusu, ta yaya za a kai masa? Wannan uzuri shi ya fi ba ni haushi. Daga ƙarshen 2019 zuwa shekarar nan ta 2020 hukumar zaɓe ta bi ƙasar nan gari-gari da na'urori, ta ɗauki hoto da zanen yatsun mutum fiye da miliyan 7, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 13 ga Disamba da na shugaban ƙasa ranar 27 ga wata. Ba a rasa hanyar ƙauyukan Sassumbrum ba ranar neman ƙuri'a. Ba a taɓa rasa ta ba ranar karɓar haraji, domin kowane mai gari yana riƙe da sunayen magidantan garinsa tun zamanin Nasara. Ƙasar Togo, wadda ita ma sefa take kashewa, ta ɗauki rajistar masu zaɓe ta kafa shirin Novissi a farkon Afrilun 2020: mai ƙaramar sana'a ya danna lambobi a wayarsa, kuɗi su shigo masa, mace sefa 12,250 a wata, namiji 10,500, kuma cikin ƴan makonni mutum fiye da rabin miliyan suka samu. Shirin yana da nasa naƙasu, domin a birni ya fara kafin ya isa karkara, amma ya nuna abin yana yiwuwa. Mu da muke da ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi tun 1991 har wasu ƙasashe suka kwaikwaya, ba mu da bakin cewa babu hanyar isa ga matan ƙauye.

Na uku, su ce ai cutar a birni take, shi ya sa taimako ya tsaya a birni. Gaskiya ne mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a Yamai suke. Amma kasafin farfaɗo da tattalin arziki ba magani ba ne da ake ba majinyaci. Diyya ce ga wanda matakan suka karya. Zazzaɓin yana Yamai, karayar tana bakin iyaka. Wanda bai fahimci wannan ba ba zai fahimci dalilin da ya sa mutane da dama a jihar Damagaram suka ƙi yarda da cutar ba, har matasan Mirya suka yi bore a ƙarshen watan Maris na 2020 a kan hana sallar jam'i. An yi ta zargin jahilci. Ni kuwa ina ganin mutumin da hukuma ta zo masa da hani ba ta zo masa da ko tiya ɗaya ba, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka cutar ta masu albashi ce. Amana ma da kuɗi ake gina ta, kuma rashinta ya fi kowace annoba tsada.

Cututtukan da ba su da shirin gaggawa

Bisa alƙaluman hukuma, daga 2020 zuwa 2023 korona ta kama mutanen da ba su kai dubu 10 ba a Nijar, ta kashe ɗari uku da ƴan kai. Ko da an ce gwajin bai wadata ba, a kwatanta da abin da iyayen Magarya suka saba gani. A watan Satumban 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitin Magarya tun 2005, ta sanar cewa yara goma ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kuma yara fiye da 700 ke kwance a lokaci guda. Yara goma a rana, a asibiti ɗaya: cikin wata ɗaya an kusa kamo adadin da korona ta kashe a ƙasa baki ɗaya cikin shekara uku. Ba a yi jawabi ga al'umma ba, ba a rubuta shirin biliyan dubu ba. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da dubu 5, ta kashe sama da 150, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda ta fi taɓawa. Daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram, kuma daga cikin mutum 559 da aka lissafa, 342 a gundumar Dungas suke.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga kiwon lafiya; Nijar ba ta cika alkawarin ba. A 2006, zamanin Tanja Mamadu, aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, gwamnati za ta biya asibitoci daga baya. Biyan ya yi ta jinkiri shekara da shekaru, bashi ya taru, kantocin magani na ƙananan asibitoci suka bushe, kyautar ta koma takardar da ake rubuta wa uwa ta je ta saya a waje. Da a ce cikin kuɗin gaggawar 2020 an fara da biyan wannan bashi, da an ƙarfafa asibitin da zai tari korona da sauro da kwalara gaba ɗaya. Cutar da ke iya hawa jirgi ta isa Turai ita ke samun kasafi. Wadda ta tsaya a kan ɗan talaka sai a bar wa baƙi masu agaji.

Malaman makaranta kuma ba sa buƙatar a ba su labari. An rufe makarantu daga 20 ga Maris zuwa 1 ga Yuni. A ƙauyen da babu lantarki, balle talabijin ko intanet, karatu daga nesa magana ce ta fatar baki. Aka buɗe a bakin damina, lokacin da azuzuwan zana ba sa jure ruwa da iska, kuma iyaye na buƙatar yara a gona. Kowane malami ya san kujerun da suka zama wayam, musamman na ƴan mata. Wace ƙaramar hukuma aka ba kuɗin bin waɗannan yara gida-gida a dawo da su?

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce korona ta wuce, a bar kaza cikin gashinta. Ba za a bari ba, domin ƙofar nan an sake rufe ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, aka zaftare kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Sau uku ke nan cikin shekara biyar. Gwamnatoci suna sauyawa, amma manomin bakin iyaka shi ne dai mai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a gyara yadda ake tsara kasafin gaggawa yanzu ba, masifa ta gaba za ta same mu inda ta bar mu.

Abubuwan da ya kamata mu nema ba su da wuyar faɗi. Duk shirin gaggawa ya fito da rabon kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a fili, gwargwadon yawan jama'a da irin asarar da suka yi. A riƙe rajistar gidaje masu rauni tun kafin masifa, a riƙa sabunta ta a bainar jama'a tare da masu gari da ƙungiyoyin mata, domin kada ta zama ta ƴan jam'iyya da dangin masu iko. A ajiye hatsi da iri a rumbunan ƙananan hukumomi kafin watan Mayu, tun da kowa ya san ranar da yunwa ke zuwa. Duk ranar da aka rufe iyaka, a sanar da diyyar mutanen iyaka a cikin jawabi ɗaya da rufewar. A biya asibitoci bashinsu kafin a tsaya wa manyan kamfanoni a banki. A kuma buga sunan duk wanda aka ba kwangilar gaggawa da farashin abin da ya kawo.

Kada a ce talaka ba ya iya juya kasafi. A 2005, shekarar da yunwa ta addabi Maraɗi da Damagaram, dokar kasafi ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da ruwa da wuta. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin su Nuhu Arzika, ya fito da jama'a a watan Maris, garuruwa suka tsaya cik, aka kama jagorori, amma daga ƙarshe gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Abin da ya ba su nasara shi ne an fassara wa mutane dokar da harshen da suke ji, kowa ya gane abin da za ta ci a aljihunsa.

Nan ne aikinku yake, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu. Kasafin kuɗin ƙasa da na ƙananan hukumomi da Faransanci ake rubuta su, harshen da mafi yawan masu biyan haraji ba sa karantawa. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Madalla; to, a fara da takardar da ta fi kowace taɓa tukunyar talaka. A watan Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, saboda haka buƙatar jama'a su ga lissafi da idonsu ta ƙaru. Ku nemi kasafin ƙaramar hukumarku, ku fassara shi, ku liƙa a ƙofar makaranta da bakin kasuwa, ku karanta shi a rediyon karkara. Malamin lissafi ya ba ɗalibansa aiki da alƙaluman gaske: biliyan 5 a raba jika 45-45, gida nawa za su samu? Masu wasan kwaikwayo, waɗanda suka gaji su Yazi Dogo wajen faɗa wa masu iko gaskiya cikin raha, su ɗora katifar jika 400 a dandali jama'a su gan ta. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Bai kamata jihar da ta fara koya wa yara karatu da harshensu ta kasa karanta wa iyayensu kasafi da shi ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen Sassumbrum da Magarya da Dungas sun san nasu sarai. Abin da ya rage shi ne a tambaye su kafin a rubuta, a kuma nuna musu lissafi bayan an kashe. Allah ya kiyaye mu daga wata annoba. In kuwa ya ƙaddara ta zo, ya sa ta tarar da sunayensu a littafin rabo kamar yadda suke a littafin haraji.